Hanyar Makara a Zauren Kafinta

Ban cika shekara da tarewa ba aka kawo injin zarto gidanmu. Lokacin Turawa ba su tafi ba, amma an fara raɗe-raɗin tafiyarsu. Wani kamfanin sayen gyaɗa da ke garin Malam Madori ya tashi, aka yi gwanjon kayansa, maigidana da yake kafinta ne ya tattara abin da ya mallaka ya sayo injin. A kan amalanken shanu aka shigo da shi Haɗeja gunduwa-gunduwa, yara na biye da shi kamar an kamo kada. A zaurenmu aka harhaɗa shi, aka binne ƙafafunsa cikin siminti. Injin da ke juya shi kuwa aka yi masa rumfa a waje, aka huda bango aka zuro bel.

Na yi makarantar 'yan mata a Kano, na ga jirgin ƙasa, na ga famfo da lantarki, don haka ina ganin babu abin da zai ba ni mamaki a garinmu. Ranar da aka tayar da shi, ina laɓe bayan asabarin ƙofar cikin gida, na ji ƙasa na rawa a tafin ƙafata. Tebur ne na baƙin ƙarfe, a tsakiyarsa wani faifai mai haƙora ya leƙo. Da ya fara juyawa sai haƙoran suka ɓace, ba ka ganin komai sai wani ƙyalli kamar ruwa a rana. Malam, haka nake kiran maigidana, ya yi bisimilla ya tura katakon maɗaci. Katakon da na san mutum biyu kan yini suna ja da zarto, sai ga shi ya rabe biyu kafin in gama salati. Ƙamshin itace ya cika gidan. Na ce a raina, wanda Ya sassauta ƙarfe ga ɗan Adam, Shi ne abin tsoro.

A gefen faifan akwai wani miƙaƙƙen ƙarfe da katako ke jingina da shi don yankan ya tafi sak. Malam na ce masa majingina. Majinginar tana zamewa ne a kan wasu dogayen ƙarafa biyu, ɗaya a gaban tebur ɗaya a baya, kamar layin dogo. Iya nisan da ka ja ta daga faifan, iya faɗin katakon da za ka iya fitarwa. Ƙarafan nan sun zarce teburin da nisa, sun miƙe cikin zaure kamar hannuwan mai roƙo. Tsawonsu shi ne arzikin Malam. Duk ƙasar babu mai iya daidaita faffaɗan katakon cikin jirgin ruwa sai shi, shi ya sa masuntan Auyo da na sauran ƙauyukan fadama suka dawo ƙofarmu.

To amma zaure ba a gina shi don inji ba. Mahaifin Malam ne ya gina shi da hannunsa, ya kuma yi shi yadda ake yi: ƙofar waje ba ta kallon ƙofar ciki, don kada mai wucewa ya hango matan gida. Wanda zai fita sai ya karya kwana a tsakiyar zauren. A daidai wurin karya kwanar nan ƙarafan suka ƙare. Mu dai mun saba, mutum ya karkace ya tattare zane ya wuce. Mai ruwa kan sauke tulu ya rungume shi. Ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai.

Mu uku ne a gidan: ni, da Malam, da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. Asalinsu Fulani ne da suka zauna gari tun kakanni, shanun sun ƙare amma kunyar tana nan daram. Malam ɗan farinta ne, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana baki da baki. In ya durƙusa gaishe ta da safe, sai ta kawar da kai ta amsa wa bango. In tana son a gyara mata ƙyaure, sai ta ce da kaza, “Ke dai kin huta, ba ki da ƙyauren da zai karye.” In dole ta ambace shi, sai ta ce “wancan na zaure.” Da farko na ɗauka ƙiyayya ce. Sai da na lura duk ranar da injin ke kuka, carbi ba ya barin hannunta har a kashe shi, sannan ta sauke ajiyar zuciya ta ce mini, “'Yar nan, leƙa ki ga ko yatsun mutane sun cika.”

A kakar shekarar wata tsohuwa ƙawar Inna ta rasu a bayan layinmu. 'Ya'yanta dillalan gyaɗa ne, sun cika zaurensu da buhuna har rufi, sun bar 'yar siririyar hanya. Da aka gama suturta ta aka sa a makara, sai makara ta ƙi fita. Gawa kuwa ba ta jiran a kwashe kaya. Aka rasa yadda za a yi, aka miƙa ta ta kan katanga, na ciki suka ɗaga na waje suka karɓa. Inna tana gidan a wurin zaman makoki, ta gani da idonta. Da ta dawo, tuwon ranar ma ba ta taɓa ba.

Ni ke share zaure da sassafe kafin Malam ya dawo daga gaishe-gaishen bayan sallar asuba. Wata safiya na fito da tsintsiya sai na tarar da Inna a ciki. Ba ta ji zuwana ba. Tana riƙe da wani karan dawa da aka yanke shi daidai, ta riƙe shi a kwance da hannu biyu, tana takawa a hankali daga ƙofar ciki. Da ta iso kwanar, sai bakin karan ya daki ƙarfe. Ta koma baya ta sake, ta ɗan karkata shi. Ya sake dukan ƙarfen. Ta tsaya tana kallon wurin, leɓenta na motsi.

Na ce, “Inna, ina kwana? Wani abu ya faɗi ne in duba miki?”

Ta ɓoye karan a bayanta kamar yarinya. Can ta ga ba amfani, ta fito da shi.

“Kin yi boko, an ce kun san awo. Wannan faɗin mene ne?”

Na duba karan, na duba hanyar da ta biyo, sai na gane faɗin makara ne.

Ta ce, “Na sa an auno mini a masallaci. Ta nan aka shigo da ni ina amarya, ta nan aka fita da mai gidan nan, kafaɗa huɗu, ba a karkata shi ba. Ni kuma sai a miƙa ni ta katanga kamar damin dawa?”

“Inna, Allah Ya ja kwana. Ai lafiyarki ƙalau.”

“Ita ma waccan lafiyarta ƙalau, har daka ta yi ranar.”

“To bari in faɗa wa Malam.”

Ta ɗaga mini hannu. “Ban aike ki ba. Abincinsa ne a kan ƙarfen nan. Ni ban ce komai ba, ke ma ba ki ga komai ba.” Ta jingine karan a bayan ƙyauren ɗakinta, ta shige.

Na daɗe ina juya maganar. Yaya amarya za ta dubi mijinta ta yi masa zancen makarar uwarsa, uwar tana raye tana taunar goro? In na yi shiru kuma, na san abin da ke hana ta barci. Ga shi a daidai lokacin wani dattijon masunta daga Auyo ya yi wa Malam alkawarin aikin jirage kafin ruwa ya sauko, aikin da zai riƙe mu har wata kakar. Ina jin Malam yana waƙa a zaure saboda murna. Na yi ta addu'a Allah Ya ba ni bakin magana, bai ba ni ba. Sai Ya ba ni dabara.

Wata Juma'a da hantsi, ba baƙo a zaure, na ɗauki furarsa, na zari karan daga bayan ƙyauren Inna. Na tabbata ta gan ni, don tarin da take yi ya tsaya cak. Na ajiye masa ƙwarya, sannan na koma ƙofar ciki na riƙe karan a kwance, na tako yadda na ga ta yi. Ƙarfe ya ce ƙwas.

Malam ya yi dariya. “Malama, yau kuma darasin me za a koya mana? Ko rawar kara aka koya muku a Kano?”

Na koma na sake takowa. Ƙwas.

Kafinta ne, shi ke gyara makarar masallacin unguwa in ta karye. Na ga dariyar ta bar fuskarsa kaɗan-kaɗan. Ya karɓi karan ya gwada shi da kamu, ya dube ni.

“Na wane ne?”

“A bayan ƙyauren Inna na ɗauko.”

Ya zauna a kan wani gungume. “Me ya hana ta faɗa?”

Na ce, “Malam, tun da aka haife ka ta taɓa faɗa maka wani abu?”

Furar nan har ta tsinke bai sha ba.

Bayan an sauko daga masallaci ya zo da maƙerin unguwarmu, wani tsohon Babarbare mai baki kamar reza, abokin wasansu. Ina jin su ta bayan asabari.

Maƙerin ya ce, “Ai na faɗa, Bafillace da inji sai an samu matsala. Kai da aka haifa don bin saniya! To ga ta nan ka sayo mai ƙaho biyu, ta tsaya maka a ƙofa.”

Malam ya ce, “Baba, bar wasa. Ba za a iya kwance su ba, in bukata ta taso a cire a mayar?”

Na ji tsohon yana ƙwanƙwasa ƙarfen. “Da wuta aka ɗaure ƙusoshin nan, ba noti ba ne. Kafin in cire su na yini, kafin ka mayar da su daidai ka kwana biyu. Ranar da ake bukatar hanyar, wa zai jira ni? In ma ina da rai ke nan.”

“A matsar da teburin fa?”

“Zuwa ina? Bel ɗinka ta bangon nan ya shigo, ƙafafu na cikin siminti. Sai dai ka fasa wata ƙofa ta baya.”

Malam ya ce, “Ta baya shara ke fita.”

Can maƙerin ya sassauta murya, ban taɓa jin sa haka ba. “Yaro, ka sani in na yanke ba mai mayarwa. Irin wannan ƙarfen babu shi daga nan har Kano. Ƙyaure da taga da benci za ka ci gaba da yi, amma cikin jirgi ya fi ƙarfin injin ke nan. Mutanen Auyo fa?”

“Kafin inji da me ake yi musu?”

“Da kafaɗa.”

“To ina da biyu. Gobe ka zo da zarton ƙarfe.”

Washegari da hantsi aka yi aikin, kuma ban taɓa ganin an yi wa ƙarfe ladabi irin na ranar ba. Malam bai ɗauko ma'auninsa na inci ba. Karan Inna ya kwantar a ƙasa daga jikin bango, ya ƙara faɗin kafaɗar mutum a kowane gefe saboda masu ɗauka, ya ja layi da alli a kan ƙarfen gaba, ya ɗora sukwaya, ma'aunin kusurwa, ya kai layin kan na baya don su zo daidai. Ya ja majinginar can kusa da faifai, ya shafa ƙarfen da tafin hannu tun daga tushe har ƙarshe, kamar mai sallama da doki. Maƙerin ya aiko a ba shi man gyaɗa, na zuba a 'yar kwalba na miƙa ta ƙarƙashin asabari. Yana ɗiga man yana ja, Malam na tallafe da bakin ƙarfen don kada nauyinsa ya karya shi kafin zarto ya gama.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne tsawon lokacin da ya ɗauka. Injin da ke raba maɗaci cikin ƙiftawar ido, ga shi wani siririn zarto a hannun tsoho yana cin sa a hankali, garin ƙarfe na zuba kamar kwalli. Ƙarar na shiga har cikin haƙori. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗa zare. Mazarin bai tsaya ba ko sau ɗaya, amma na lura zaren da ta kaɗa ranar duk ya yi kauri da siriri, ita da zarenta ke fita kamar gashi.

Guntun farko ya rabu, Malam ya sauke shi ƙasa a hankali. Maƙerin ya ce, “An yanke ƙaho ɗaya, saura ɗaya. Ɗan Fulani, in za ka yi kuka ka yi yanzu, ba zan faɗa wa kowa ba sai kasuwa.” Malam ya ce, “Ja zartonka, bawan gidanmu.” Da aka gama na biyun, tsohon ya bi bakunan da magagari har suka yi santsi, don kada su kama zanen mai wucewa. Ya huda ƙarshen kowanne ya dasa ƙusa mai kai, saboda kada majinginar ta zame ta faɗo wa mutum a ƙafa.

Na ɗauka an gama. Sai bayan azahar na ji sallamar maza, Malam ya leƙo ya ce in shiga ɗaki. Ta tagar ɗakina na ga abin da ban taɓa gani ba, ban kuma sake gani ba. Makarar masallaci ya aro, ba kowa a ciki, shi da maƙerin da maƙwabta biyu. Suka shigo da ita har tsakar gida, suka juya, suka saɓa a kafaɗa yadda ake yi, suka nufi zaure. Rana tsaka, kaji na kiwo, ga makara tana ratsa gidan da kowa ke da rai. Na ga bayanta ya shige ƙofar ciki a miƙe, ya karya kwana, ya ɓace. Ban ji ta taɓa komai ba.

Inna ba ta shiga ɗaki ba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta bi ta da ido har ta fita. Da Malam ya dawo shi kaɗai ya zo wucewa, ya rage tsawo kamar kullum. Ta juya wa bango fuska, ta ce da kazar da ke tsattsage a gabanta, “Ke, je ki gaya wa wancan na zaure, Allah Ya buɗa masa hanya yadda ya buɗa.” Malam ya tsaya, kansa a ƙasa. Ya ce, “Amin,” shi ma kazar ya faɗa wa. Da la'asar ta karya karan ta sa a murhu, ta ci tuwo har da ƙari.

Dattijon Auyo ya zo da katakonsa, ya ga abin da aka yi wa injin, ya riƙe baki. Ya kwashe rabin aikin ya kai wani wuri, don ruwa ba zai jira ba. Sauran rabin Malam ya yi shi da dogon zarton hannu, shi da wani ɗan ƙodago, a ƙarƙashin ɗorawar ƙofar gida. Haka ya ci gaba da yi duk shekara. Da yamma nakan gasa masa kafaɗu da ruwan zafi, wani lokaci hannunsa ba ya iya ɗaga ludayi. Mun ji a jikinmu, miya ta sha tafiya ba nama. Ban taɓa jin ya ambaci tsawon da ƙarafan suke da shi a da ba. Guntayen biyu kuwa Inna ta sa aka ɗora mata a kan duwatsun murhu, tukunya ta samu wurin zama. Har yau suna nan a madafina, sun yi baƙi ƙirin.

Allah da ikonSa, Inna ta daɗe bayan haka. Ta ga tafiyar Turawa, ta goya 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, ta yi wa babbar kitson sallah. Ta kan bi ta zauren ta tafi barka ko gaisuwa, tana tafe a miƙe ba ta tattare zane. Wani lokaci in ta zo daidai kwanar sai ta ɗan dafa bakin ƙarfen mai santsi ta wuce.

Da damina ta rasu, shekarar da kogi ya cika har ya shafe gonakin shinkafa, da safe bayan ta sha kunu. Ni da wata maƙwabciya muka yi mata wanka. Da maza suka shigo ɗaukarta, mu mata muka koma ɗaki kamar yadda aka saba, ba mu da rabo a rakiya. Ɗakin cike yake da masu kuka a hankali, amma ni kunnena na zaure. Na san takun Malam a cikin na sauran, yana gaba ta dama. Na ji sun bar tsakar gida, na ji sautin ƙafafunsu ya canza da suka shiga ƙarƙashin rufi. Na kasa kunne ina jiran ƙwas ɗin nan da na sani.

Ba abin da ya biyo baya sai muryar liman a waje yana cewa a daidaita sahu.